Ranar da Kaka Ta Haramta Nutso

Fasto bai gama sanarwa ba Kaka ta miƙe a tsakiyar coci, ta nuna ni da maficinta.

"Duk yaron da ya bi wannan ja'irar ya goya tukunyar iska ya shiga teku, ba ni ba shi! Ku kifaye ne?"

Aka kwashe da dariya. Ban sunkuyar da kai ba. Shekara huɗu na yi a Suva, babban birnin ƙasarmu, ina karatun ilimin teku, wata uku kuma ina yawon makarantu da hotunan murjanin ƙarƙashin teku, ina shelar cewa koyon nutso kyauta ne ga matasa. Ko mutum ɗaya bai zo ba. Mai shagon nutson da nake wa aiki ya riga ya ce idan Asabar ta wuce babu ɗalibi, zai rufe ajin, ni kuma in kama gabana. Ga shi tsohuwar da ta raine ni ta ƙarasa ni.

Kwana shida ban ci rogonta ba.

Ranar Asabar na zo buɗe shago, na tarar da matasa goma sha tara laɓe a bayan kwale-kwale.

"Yaya, don Allah kar Kaka ta ji," in ji babbarsu.

Da yamma na shiga gida ina taƙama. "To, sha tara!"

Kaka tana gurza kwakwa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kaɗai? Yaran yanzu ba sa yin abu sai an hana su da ƙarfi. Lahadi mai zuwa zan haɗa da kuka."