Taurari Biyar

Taurari biyar kuma. Direba ya zauna bakin gado yana cire takalmi, yana murmushi ga wayar da ya saya wa 'yarsa Auta don ta koyi lissafin sau. Wayar kan jefo tambaya, yaro ya danna amsa, in ya yi ƙoƙari ta ba shi tauraro.

Da farko Auta ba ta wuce tauraro ɗaya. Sai ya kafa doka: duk ranar da suka gaza biyar, bel ne zai yi magana. Sati biyu yarinyar tana kwana rub da ciki. Da uwarta ta sa baki, ya ce wadda ba ta taɓa leƙa aji ba, ta tsaya ga tukunyarta.

Can sai abu ya gyaru. Kullum ya dawo, wayar na jikin caji, taurari cif. Faɗan da ya rage masa shi ne na maiƙon da ke kan gilashinta. A tasha har an gaji da labarin 'yarsa.

Ranar karɓar sakamako ya sa sabuwar riga, ya tafi makaranta da kansa. Malama ta miƙa masa takarda: biyu cikin ashirin.

"Malama, kuskure aka yi. Dubi nan."

Ta dubi wayar, ta dube shi. "Baban Auta, ko uku sau huɗu na tambayi yarinyar nan, kare fuska take yi kamar zan mare ta."

Bai san yadda ya iso gida ba. Wato shi Auta za ta kunyata a gaban mutane? Ya tarar da Auta a ƙofar kicin, ya damƙo hannunta, ya zare bel.

"Kin iya a waya, kin kasa a takarda? Bakwai sau takwas!"

Auta ta kare fuska da ɗaya hannun.

"Hamsin da shida."

Ba daga bakin Auta amsar ta fito ba.

"Tara sau tara kuma tamanin da ɗaya," in ji uwar, ta ajiye ludayi, ta shiga tsakaninsa da yarinyar. "Wata uku ina tara maka taurarin nan tana makaranta. Ga 'yar da kake alfahari da ita a tasha tsaye a gabanka, Maigida. Dake ta."