Ranar da Kumandan Ya Je Kolondi

Alfari ya sake gangarawa bakin kogi ya duba karan da ya soka a yashi. Ruwa ya matso, amma bai taɓa karan ba tukuna. Ya hauro yana gyara rawani, zufa na bin ƙeyarsa, ya daka wa mata tsawa su bar surutu su hura wuta a ga hayaƙi.

Yau ne sabon kumandan na Gaya zai ƙetaro ya ga tsibiran Kolondi, kuma Alfari ne shugabansu na bana. Tun zuwan Nasara na farko akwai alkawari: tsibiran su riƙa kai busasshen kifi bariki, Faransa kuma ba ta ɗaukar ɗansu soja. Kumandojin baya babu wanda ya wahalar da kansa da shiga kwalekwale. Kifi na zuwa, magana ta ƙare.

Wannan kuwa ɗan ƙwaƙƙwafi ne, irin mai ɗaga murfin tukunyar da ba tasa ba. Ana neman sojojin kaiwa yaƙi a ƙasar Indosin, ya rantse in bai ga ƙasa mai sarauta da tsari da idonsa ba, alkawari ya tashi, mota ta kwashi samari. Cikin samarin har da Zakariya'u, ɗa namiji tilo da Allah ya bar wa Alfari.

Tun lokacin sanyi Alfari ke ja masa rai. Yau dorina ta tare hanya, gobe ana makoki, jibi kwalekwale na yoyo. Da ƙyar da jiɓin goshi ya kai shi bazara, kuma ko jiya bai iya cin abinci ba.

Da hantsi jirgi ya iso. Kumandan ya diro da gardi biyu masu tsaronsa da Hamani tafinta. Makaɗa suka saki ganga, an ɗan yi sauri da ita.

A ƙarƙashin rumfar majalisa Alfari ya zayyana tarihi, Hamani na juyawa. Tsibirai uku ne, kowanne da dattijonsa. Shugabanci na zagayawa shekara-shekara, don kada wani ya saba da zama a gaba. Ba a yanke hukunci sai dattijan uku sun ajiye filafilansu na tuƙin kwalekwale wuri ɗaya, in ɗaya ya riƙe nasa, zance ya mutu. Mata kuma suna da bakinsu, wato gwaggonsa Jumma, tsohuwar da ke zaune can gefe ta ɗaure fuska.

Kumandan ya gyaɗa kai, ya miƙe zagaya gari. Ya yaba tsabta, ya yaba sabuwar jinka a kan kowace bukka. Wani gardi ya jingina da rumbu, rumbu ya karkata kamar zai yi ruku'u.

“Gara ce,” in ji Alfari da sauri. “Ta addabe mu bana.”

Ya ƙaƙalo murmushi. Ya saci kallon gabas. Hadari ya fara haɗuwa can wajen Tanda.

Kumandan ya tsaya, ya yi magana a hankali. Hamani ya juya maganar. “Wai ina makabartar sarakunanku?”

“Ranka ya daɗe, ba ma binne mutum a tsakiyar ruwa. Gaɓa muke kai namu, tun kaka da kakanni.”

Bature ya daɗe yana kallonsa. Sai ya yafito Zakariya'u daga cikin samari, ya dubi faɗin ƙirjinsa da damatsansa kamar mai tayin sa a kasuwa. Alfari ya ji tsoron da bai taɓa ji ba.

“A wane tsibiri aka haife ka?”

Zakariya'u ya nuna na tsakiya, ko ƙifta ido bai yi ba. “Can, ranka ya daɗe. Bayan bukkar can ta ƙarshe aka binne cibiyata.”

Kumandan ya ji daɗin amsar, har ya ce wurin ya kwanta masa a rai, nan zai kwana. Kafin Alfari ya nemo abin faɗi, Jumma ta buga sandarta a ƙasa.

“Gaya masa baƙo ba ya kwana a Kolondi. Ko surukina, la'asar ta yi sai kwalekwale. Bai ji an ce muna da doka ba?”

Hamani ya fassara, ya rage gishirin. Ta gefen ido Alfari ya hango karan nan tsaye cikin ruwa.

Sai Bature ya tuntsire da dariya. Ya ce ƙasar da tsohuwa ke korar kumandan, lalle ƙasa ce mai gwamnati. Alkawari na nan daram, haka zai shaida wa Yamai, kuma ba za a taɓa ɗan tsibiri ko ɗaya ba.

Alfari ya yi ta ɗaga hannu har jirgi ya sha kwana. Daga nan ya zube a yashi, ya riƙo hannun ɗansa yana hawaye ba kunya. Da numfashi ya dawo masa, ya ɗago.

“To, me kuke jira? A kwance!”

Nan da nan aka sauke jinka, aka tuge turaku, aka ɗauki rumbunan da ko ƙwayar gero babu a ciki, aka loda a kwalekwale. Kowa ya nufi gidansa na ainihi a bayan kasuwar Gaya, inda aka haifi Zakariya'u da ubansa da kakansa.

Kafin mako ya zagayo kogin Isa, wato Kwara, ya shanye tudun yashin nan uku kamar yadda yake yi duk shekara, don babu wani tsibiri mai suna Kolondi, kakan Alfari ne ya ƙaga shi a gaban wani Bature mai tsoron ruwa.