Jan Murfi a Rijiyar Goggo Kande

Tun da aka kafa dokar awon rijiyoyi, duk wadda na'ura ta ce ƙazanta na iya ratsowa cikinta, jan murfi ake garƙama mata. Ranar da ma'aikacin awo ya iso gidan Goggo Kande, kwanan 'yarta uku da haihuwa, ga wankan jego na kwana arba'in a gaba.

"Ruwan ya gurɓace ne, ɗan nan?"

"Garau yake, Goggo. Ƙasarku ce yashi, ga kwatamin masana'antar fata a bayan katanga."

Ta dube shi sheƙeƙe. "To, ka je ka rufe kwatamin mana!"

Ya datse kwaɗon, ya jefa makulli aljihu.

"Ai kwatamin ba ya cikin haɗarin gurɓata, Goggo."