Kwalaben Kwalli

Da ƙotar fartanya mijinta ya fasa mata goshi a tsakar gidansu na Kademi. Da ta faɗi, ya bi ta da ƙafa a mara.

"Shekara bakwai ina noma fako, juya kawai!"

A kan jaki yayarta ta kai ta asibitin Gaya. Bayan ɗinki, ungozomar asibiti ta duba marar, wadda tun kafin dukan take ciwo.

"Ciwon sanyi ne, 'yar nan. Daga namiji ƙwayoyin cutar suke shiga, su kama bakin mahaifa, su haura har su toshe hanyar ƙwai. Shi zafin fitsari zai kai shi neman magani, ke kuwa shiru zai ci ki."

"Maigidana lafiyarsa ƙalau," ta ce da kumburarren baki.

Ungozomar ta ɗauko 'yar kwalbar allura mai murfin roba. "Ga maganin."

Matar ta ƙura wa kwalbar ido. Duk shekara in mijinta ya dawo daga ci-rani, irinta yake miƙo mata babu komai a ciki, wai ta zuba kwalli. Guda bakwai ne jere a ɗakinta.