Jan Ganyen Iya Tabawa

Tun da aka hana shuka a cikin gida saboda ƙarancin ruwa, na'urar hukuma ke shawagi a saman gari tana farautar duk wani abu kore. Shi ya sa Iya Tabawa ta shekara tara tana zaɓen irin wani tsiro mai kaurin ganye, har ya rine ja wur, ya malale tsakar gidanta kamar tabarma. Na'urar ba ta taɓa ganinsa ba. Maƙwabci ne ya kai tsegumi.

Ranar Talata Sallau, ma'aikacin hukumar, ya yi sallama da fartanya a kafaɗa.

"Iya, da wane ruwa kike ba shi?"

"A kansa nake alwala. Ko ita ma kun hana?"

Ya duƙa sara.

"Daddatsa shi ƙanana, ɗan nan," in ji ta. "Kada ka rage min ko ɗaya."

Ya cika baro ya tura, ganye na zuba a hanya. Ta tsaya bakin zaure tana kallo. Ba ta gaya masa duk ganyen da ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa ba. Hanyar kuwa, har ƙofar ofishinsu ta kai.