Arba'in a Allura

Babu mai riƙon magana ɗaya a ƙasar nan kamar allurar agogon gudu ta tsohuwar mota. Na san wadda ta kwanta a kan sifili tun ina saurayi, har yau ba ta sauya ra'ayi ba. To kai da kake ce mini ƙarfe ba ya ƙarya, gyara zama ka ji. Ni ba matacciyar allura nake tsoro ba, mai rai nake tsoro.

An yi wani direba da ya tsufa a kan wata babbar mota, roka mai bodin katako, yana kai albasa kudu. Motar ta wani Alhaji ce da ya taɓa riƙe sitiyari a ƙuruciya, kuma bai bar kowa ya manta da hakan ba. Wata rana Alhajin ya samo tayoyin gwanjo da suka ɗara na asali tsawo, ya sa aka ɗaura don motar ta ƙara kwarjini a tasha. Ta kuwa ƙara. Sai dai tun tafiyar farko dattijon ya ji abin da bai gane ba. Allura na kan sittin, amma kujera na yi masa rawar da ya san sai an zarce sittin take yi, itatuwan bakin hanya na wucewa kamar an koro su. Lambobin da ke ƙirga nisa su ma suka fara rowa: garin da ya san nisansa kamar hanyar masallacin unguwarsu, sai ya isa lamba ba ta cika ba. Ya sassauta ƙafa, ya koma gudun da jikinsa ya sani, ya bar allura ta faɗi abin da ta ga dama.

Da ya dawo ya kai motar wajen bakanike. Bakaniken ya bi ƙa'idar sana'arsa. In allura na tsalle, wayar da ta taso daga giyabos ce ta bushe ko ta lanƙwashe. In allura da lamba sun mutu tare, wayar ta tsinke, ko haƙoran ɗan giyan da ke juya ta sun cinye. In lamba na tafiya allura na barci, agogon ne da kansa. Aka zaro waya aka shafa mata mai, aka murza ta da hannu allura ta tashi, aka kwanta ƙarƙashin mota aka duba haƙora. Komai lafiya lau, wanda ba albishir ba ne ga mai jin ciwo. Bakaniken na fitowa daga ƙarƙashi ya buga kai da taya, ya tsaya yana kallonta. Ya ce, "Baba, agogon nan ba ya ganin hanya, taku yake ƙirgawa. Ba wanda ya gaya masa an ƙara wa motar tsawon ƙafa."

Alhaji bai ji daɗin wannan fatawa ba, don ta taɓa tayoyinsa. Ya bi tafiya ɗaya a gidan gaba, idonsa a kan allura, ya ga ko hamsin ba ta kaiwa. Da suka sauka ya ce, "Baba, a faɗi gaskiya, tsufa ne. Ƙarfe ya faɗi nasa, kai ka faɗi naka. Wa zan gaskata?"

Dattijon ya ce, "Alhaji, ƙarfen nan ba shi da iyali. Ko ka mayar da tayoyin da, ko ka nemi mai tuƙi da allura." Ya ajiye makulli a kan benci ya tafi gida, alhali ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. A tasha aka ce idonsa ya mutu. Masu adalci suka ce a'a, zuciyarsa ce. Ya ji duka, bai koma ba.

Alhaji ya ɗauki makullin da kansa, don a ga yadda ake yi. A hanyar akwai wata kwana a gangaren rafi wadda kowane direba ya san da lodi ba a shiganta sama da arba'in. Alhaji mutum ne mai bin doka. Ya shige ta a arba'in cif, a allura. Motar ta ɗaga ƙafa ɗaya kamar mai shawara, sannan ta kwanta a yashi a gefen hagu. Ba a yi asarar rai ba. Mutanen ƙauyen da ke kusa dai sun daɗe ba su sayi albasa ba, Alhaji kuma ya samu damar sanin mai ɗorin garin sosai. Duk wanda ya je dubiya sai ya rantse masa, "Wallahi arba'in nake!" Ba wanda ya musa, don ya gani da idonsa.

Dattijon ma ya je dubiya. Ya ce, "Sannu, Alhaji, Allah ya kiyaye gaba." Bai tambayi gudu ba, bai tambayi kwana ba. Alhaji ya miƙo makulli da hannun da ke motsi. Dattijon ya dubi makullin, ya ce sai ya ga ƙafafun motar tukuna.

Har yau shi ke jan ta. Agogon nan ba a taɓa masa ko ƙusa ɗaya ba. Tayoyin gwanjon kuma suna ƙofar gidan Alhaji, a kansu yake zama da yamma, a karkace. Hausawa dai sun ce jiki ya fi kunne ji.