Lemon Laraba

Tun da itatuwa suka daina 'ya'ya, mata masu neman haihuwa kaɗai gwamnati ke bai wa lemo, ɗaya duk Laraba, a sha a gaban ma'aikaciya. Wai yana gyara mahaifa.

Shekara uku Tasalla tana zuwa karɓa, yau katinta na lemon yake ƙarewa. Mahaifiyarta ta rako ta, ta zauna tana shaƙar ƙamshin ɓawon.

Tasalla ta ɓare, hannunta ya miƙa da kansa. "Bismillah, Inna."

"Baiwar Allah, ba a rabawa," in ji ma'aikaciyar.

Inna ta haɗiye yawu, ta kau da kai. "Shanye abinki, 'yar nan. Ni jika nake jira."

Tasalla ta shanye tas. Ta kasa gaya mata cewa tun da safe al'adarta ta zo.